Bulokin aka yi maka ko taƙaita ka aka yi? Yadda ake ganewa a WhatsApp, Messenger da Instagram

Cikin tambayoyin da masu gyaran waya ke sha a unguwannin PZ da Samaru a Zariya akwai wadda ba ruwanta da fasasshen gilashi ko batirin da ya daina riƙe caji. Mutum zai miƙo waya, ya sassauta murya, ya ce, "Malam, don Allah duba min, wane bulokin ɗina ya yi?" Mai gyara ya jujjuya wayar ya ce wataƙila. Kuma iyakar gaskiyarsa ke nan, don babu inda za a latsa a WhatsApp ko Messenger sunayen waɗanda suka toshe ka su fito. Kamfanin Meta, mai WhatsApp da Facebook da Instagram, da gangan ya bar abin a dunƙule. WhatsApp ma ya faɗa da bakinsa cewa ya yi haka ne don ya rufa wa mai toshewar asiri. Saboda haka alama ɗaya ba ta yanke hukunci. Tara su ake yi, a fara da waɗanda mutumin ba zai san ka duba ba, a bar masu tona asiri sai ƙarshe, in ma an kai can.

Kafin a shiga bincike, a san cewa abin hawa-hawa ne. Akwai toshewa, wato bulokin, inda saƙonka ba ya isa kwata-kwata. Akwai taƙaitawa, wadda Messenger da Instagram ke da ita amma WhatsApp ba shi da ita da wannan suna. Akwai kuma ƙananan ɓoye-ɓoye: a hana ka ganin sitatus, ko hoto, ko lokacin da mutum ya sauka daga onlayin. Bulokin rufe ƙofar gida ne da sakata. Taƙaitawa kuwa a bar ka ne a zaure: sallamarka na shiga ciki, mai gida na iya leƙo ka ta labule, amma kai ba ka san ko yana nan ba, kuma ba wanda zai fito ya ce maka ka tafi. Yawancin masu kukan an toshe su, in aka bincika, a zauren suke ko ma ba a yi musu komai ba.

Mataki na farko: fara da wayarka

Duba ƙasan saƙon da ka tura a WhatsApp. In ɗan hoton agogo ne a wurin, saƙon bai ma bar wayarka ba; datarka ce ta ƙare ko sabis ne babu, kuma wanda kake zargi bai san ana yi ba. Tura wa wani daban gaisuwa ka ga ko za ta tafi. Tik ɗaya mai launin toka yana nufin saƙon ya bar hannunka ya isa rumbun WhatsApp amma bai sauka a wayar mutumin ba. Tik biyu, ya sauka. In sun koma shuɗi, an buɗe.

Sai ka shiga saitinka, sashen sirri. WhatsApp na da ƙa'idar ba-ni-in-ba-ka da mutane da yawa ke mantawa: in ka ɓoye lokacin da ka sauka, kai ma ba za ka ga na kowa ba, in ka kashe shuɗin tik, na wasu ma ya ɓace maka. Haka koren ɗigon Messenger, mai nuna mutum yana onlayin, yake. Sau da yawa ƙani ne ko ɗa ya karɓi wayar ya "gyara" saiti, mai waya ya wayi gari yana ganin duk duniya ta juya masa baya.

Mataki na biyu: wuta, data da layi

Duk wanda ke zaune a Zariya ya san unguwa kan kwana biyu ko fi babu wuta, waya na kwance a shagon mai caji. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da kuka saba hira kullum yana Samaru ko Kongo, da zarar an gama jarrabawa ya koma garinsu, ƙila sai ya hau tudu yake samun sabis. Manomin da ke shiga ƙauyukan Giwa ko Soba da damina haka. Ga wanda aka zare wa waya a cunkoson Kwangila ko kasuwar Sabon Gari. Duk waɗannan tik ɗaya za su ba ka, daidai da wanda ya toshe ka.

Akwai kuma batun layin kansa. Layuka da yawa an rufe su saboda rashin haɗa su da lambar NIN, musamman a 2024, kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sake sayar wa wani. WhatsApp yana riƙe saƙon da bai sauka ba har kwana 30, daga nan ya share shi, kuma asusun da ya yi kamar kwana 120 bai hau intanet ba yakan goge shi. In ka ga hoton wani baƙo a lambar abokinka, ba wulaƙanci ba ne, lambar ce ta sauya hannu.

Gwajin nan mai sauƙi ne: kira layin kai tsaye da kati. Bulokin na WhatsApp ba ya taɓa kiran waya na yau da kullum ko tes. In an ce wayar a kashe take, ka samu amsarka, ka jira. In ta yi ringin, to wayar na raye, saura a san ko data ce babu ko kai ne aka ware. Ka ba abin kwana biyu zuwa uku kafin ka wuce gaba. Wanda ya tura saƙo bayan Isha'i ya fara bincike kafin Asuba, kansa kawai yake wahalarwa.

Mataki na uku: alamomin bulokin a WhatsApp

Huɗu ne ake dubawa tare. Saƙo ya tsaya a tik ɗaya ya ƙi gaba. Hoton mutumin ya ɓace, sai farin gunkin nan mara fuska. Ba ka ganin yana onlayin ko lokacin da ya sauka. In ka kira ta WhatsApp, rubutun da ke ƙarƙashin sunansa ya tsaya a kan ana ƙoƙarin kira, bai taɓa komawa ringin ba har ya katse.

Kowacce a cikinsu, ita kaɗai, tana da wata fassara. Tun 2022 WhatsApp ya ba da damar mutum ya ɓoye hotonsa da lokacin saukarsa ga wasu zaɓaɓɓu cikin lambobinsa, har ya ɓoye cewa yana onlayin. Wasu kuma cire hoto suke yi haka kawai, ko don rasuwa, ko don azumi ya kama. Kiran da bai yi ringin ba, haka yake yi in wayar ba ta kan intanet. Amma in huɗun suka haɗu, kuma layinsa na shiga in ka kira da kati, to magana ta fara ƙarfi.

Gwajin da na fi yarda da shi, wanda kuma ba ya barin sawu, shi ne na gurup ɗin da kuke ciki tare: na 'yan ajinku, na masallacin unguwa, na dangi, na tsofaffin ɗaliban Barewa ko Alhudahuda. Bulokin ba ya aiki a cikin gurup. Wanda ya toshe ka zai ga abin da ka rubuta a can, kai ma za ka ga nasa. To ka tura wani abu na yau da kullum a gurup ɗin, ko da amsa sallama ce. Bayan ɗan lokaci ka danna saƙon naka ka riƙe, ka taɓa ɗigo ukun da ke sama, ka zaɓi bayanin saƙo. Jerin sunaye zai fito kashi biyu: waɗanda suka karanta da waɗanda ya sauka a wayarsu. In sunansa na cikin ɗayan biyun, wayarsa na kan intanet ke nan. Koma hirarku ta ku biyu. In har yanzu tik ɗaya ne, alhali saƙon gurup da ka tura daga baya ya same shi, babu sauran uzurin wuta ko data. In ma yana ta zuba a gurup ɗin yana tura sitika, ba sai ka duba komai ba.

Abu ɗaya ke iya ɓata wannan lissafi, kuma ya yi yawa a wayoyin matasanmu: GB WhatsApp da 'yan uwansa. Waɗannan ba na kamfanin ba ne, kwaikwayo ne, kuma suna ba mutum damar ɓoye tik na biyu da daskarar da lokacin saukarsa. Mai irin wannan zai karanta saƙonka tsaf kai kana kallon tik ɗaya. Bambancin shi ne yawanci hotonsa na nan, sitatus ɗinsa na fitowa. WhatsApp yana rufe asusun masu amfani da su, don haka ban ba ka shawarar ka sauke don ka rama ba.

Gwaji na gaba shi ne wayar wani. Ka samu wanda kuka san mutumin tare, ya buɗe lambar a tasa wayar. In hoto na nan a wurinsa, yana ganin shi onlayin, kai kuwa fayau, to kai aka ware. Sharaɗi shi ne ya zama wanda mutumin ya ajiye lambarsa, in ba haka ba shi ma ba zai ga komai ba, ku taru ku yi zargin banza. Kuma ka sani ka sa mutum na uku a maganar. A gari irin Zariya, inda kowa ɗan uwan wani ne ko surukinsa, abin da ka tambaya a Tudun Wada da safe yana iya isa Ƙofar Doka kafin La'asar. Zaɓi mai riƙe baki, kuma dubawa kawai, kada a tura saƙo daga wayarsa.

Na ƙarshe shi ne wanda ake yawan koyarwa, ni kuma nake cewa a yi hattara: ka buɗe sabon gurup ka gwada sa shi. In ya toshe ka, WhatsApp zai ce ba a iya sa shi ba. Matsalar ita ce in bai toshe ka ba, zai tsinci kansa a gurup daga shi sai kai, kuma ko yaro ya san abin da hakan ke nufi. Ban da haka, tun 2019 mutum na iya hana a jefa shi gurup ba da izninsa ba. A irin wannan hali za a ba ka zaɓin tura masa gayyata, wanda ba bulokin ba ne. In wanda kake bincika malaminka ne, ko surukinka, ko mai gidanka a wurin aiki, bar wannan gwajin.

Mataki na huɗu: tik biyu na shiga, amma wani abu ya sauya

Nan ne yawancin mutane suke. Saƙo na sauka, ba a toshe ka ba, amma ka daina ganin sitatus ɗin Hajiya mai sayar da atamfa da kullum take ɗora kaya, ko hoton abokinka ya ɓace. Abu biyu ne: ko an goge lambarka, ko an sa ka cikin waɗanda aka keɓe.

Sitatus ba ya fitowa sai ku biyun kun ajiye lambar juna. Wanda ya sauya waya, lambobinsa kuma suna kan tsohuwar ba a kan imel ba, zai rasa lambarka ba da niyya ba, kuma daga ranar sitatus ɗinsa da hotonsa za su ɓace maka in ya saita su ga lambobinsa kaɗai. Akwai hanyar gane wannan. WhatsApp na da jerin aika saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda, wanda ake kira burodkas, kuma ƙa'idarsa ita ce ba ya sauka sai a wayar wanda ya ajiye lambarka. Ka haɗa jerin da mutum biyu, shi da wani na kusa da kai, ka tura abin da ba zai ba da mamaki ba, kamar gaisuwar Juma'a. Saƙon zai je wa kowa kamar kai tsaye ka turo masa. In saƙonninka na yau da kullum na yin tik biyu amma na burodkas ya tsaya a ɗaya, lambarka ba ta cikin wayarsa. In ya sauka, lambarka na nan, ke nan da hannu aka cire ka daga masu ganin sitatus, ko kuma mutumin ya daina ɗorawa. Wayar aboki za ta raba gardama, amma ka tuna sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, don haka a lokaci guda za ku duba.

Akwai abubuwan da ba za ka taɓa ganewa ba, gara ka huta. In ya kashe ƙarar saƙonka, ko ya tura hirarku ma'ajiya, ko ya kulle ta da zanen yatsa, a wurinka komai daidai yake: tik biyu, shiru. Rashin shuɗin tik ma ba hujja ba ne, mutane da yawa sun kashe shi don kada a riƙa cewa sun gani sun yi banza. Sai dai kashewar ba ta shafi gurup ba.  

Mataki na biyar: Messenger, inda taƙaitawa ta gaskiya take

A Messenger mutum na iya taƙaita ka ba tare da ya cire ka daga abokai ba. Abin da ke faruwa a ɓangarensa shi ne hirarku ta fita daga jerin hirarrakinsa ta koma wani lungu cikin saiti. Saƙonka ba ya yi masa ƙara, kiranka ba ya kaɗa wayarsa. Yana iya shiga lungun ya karanta duk abin da ka rubuta ba tare da an nuna maka ya gani ba. A ɓangarenka kuwa ba abin da ya rufe: akwatin rubutu na nan, hotonsa na nan, shafinsa na buɗewa, kana iya yin sharhi a abin da ya wallafa.

Ga yadda za ka bi. Ka tura saƙo ɗaya gajere, ka lura da alamar da ke ƙasansa. Messenger na nuna an tura, sannan ya sauka, sannan ɗan ƙaramin hoton mutumin ya bayyana a ƙasan saƙon in ya buɗe. A wurin wanda aka taƙaita, ƙaramin hoton nan ba zai taɓa sauka ba, kuma sau da yawa saƙon kan tsaya a an tura. Sai ka duba koren ɗigon da ke nuna yana kai. In da kana ganinsa kullum da dare yanzu ya ɓace ɗungurungum, ka riƙe wannan. Daga nan ka leƙa shafinsa na Facebook. In yana wallafa abubuwa, yana amsa sharhin mutane minti kaɗan da suka wuce, saƙonka kuwa ya kwana uku ba a buɗe ba, ga ɗigo babu, to akwai alama. In abokin da kuke tare yana ganin koren ɗigon a wayarsa a daidai lokacin da kai ba ka gani, alamar ta ƙara nauyi.

Duk da haka ba za ta kai yaƙini ba, kuma dalilan a bayyane suke. Mutane da yawa a nan Facebook Lite kawai suke buɗewa, wasu ma a tsarin kyauta mara hoto, ba su da Messenger a waya sam, saƙonni na taruwa ba su sani ba. Wani yana karanta farkon saƙo daga sanarwar da ta faɗo a saman waya ya share, ba tare da ya buɗe ba. Mutum na iya kashe koren ɗigonsa. In kuma ba abokai ba ne ku a Facebook, saƙonka na zuwa ne akwatin buƙatun saƙo, inda shi ma ana karantawa ba tare da an nuna ba. Hujja ɗaya ce mai ƙarfi, ita ma ta wanke shi ce: wanda ya taƙaita ka ba ya iya amsa maka a hirar sai ya cire taƙaitawar. In ya amsa, to a wannan lokacin ba a taƙaice kake ba.

Bulokin a Messenger ba ya ɓuya haka. Akwatin rubutun kan ɓace, a sa maka rubutu cewa ba a samun mutumin, ko saƙon ya ƙi tafiya. In shafinsa na Facebook na buɗewa, saƙo da kira kawai ya toshe. In ka nemi sunansa babu, abotarku ta warware, amma wasu na ganinsa, to gaba ɗaya ya toshe ka. In kowa ma ba ya ganinsa, rufe asusun ya yi ko aka rufe masa.

Kada a haɗa wannan da wani jerin na daban da Facebook ke da shi, inda ake ajiye aboki a matsayin taƙaitacce. Wanda aka sa a nan yana nan a aboki, Messenger ɗinsa na aiki lafiya, amma ba ya ganin komai sai abin da aka wallafa wa kowa da kowa ko wanda aka maƙala sunansa a ciki. Ganewa ba wuya: buɗe shafin mutumin ka duba 'yar alamar da ke kusa da kwanan watan kowane rubutu. In duk abin da kake gani mai hoton duniya ne, babu ko ɗaya mai hoton kawunan mutane biyu, alhali wani abokin na ganin irin waɗannan, an sa ka a jerin. Ɗalibai kan yi wa malamansu da iyayensu haka, kuma ni ban ga laifinsu ba.

Instagram da Telegram a gurguje

Instagram ya fito da taƙaitawa a 2019 don maganin masu cin zarafi, kuma a nan gwajin ya fi kowane sauƙi. Sharhin wanda aka taƙaita shi kaɗai ke ganinsa, sai in mai shafin ya amince ya fito. Ka yi sharhi na mutunci a ƙarƙashin wani hotonsa, ka duba a wayar wani da ke bibiyarsa. In kai kana gani shi ba ya gani, ka gwada a wani hoton daban kafin ka yanke, don wani lokaci tacewar kalmomi ce ta riƙe shi. Saƙon sirrinka kuma yana komawa akwatin buƙatu, ba alamar an gani.

Telegram tik ɗinsa daban ne: ɗaya an tura, biyu an karanta. Wanda ya ɓoye lokacinsa, ana nuna maka an gan shi kwanan nan, ko cikin mako, ko cikin wata. Wanda ya toshe ka kuwa kullum za a ce an daɗe ba a gan shi ba, hotonsa ya ɓace. In jiya kuka yi hira yau aka ce an daɗe, ka gane.

Manhajojin da ke cewa za su nuna maka wanda ya toshe ka, ko wanda ke leƙa hotonka, ƙarya ce. WhatsApp ba ya ba kowa wannan bayani. Abin da suke so shi ne lambobin da ke wayarka, ko su cika ka da talla, ko mafi muni su nemi lambobi shida da ake turo maka ta tes. Duk wanda ka ba waɗannan shidan ya tafi da asusunka. Wannan ma wani dalili ne na bulokin da ba a tunawa: in aka sace asusun mutum, ɓarawon na iya toshe makusantansa don kada su tona shi yayin da yake roƙon kuɗi da sunansa. In ɗan uwanka ya toshe ka ba gaira ba dalili, kuma wasu na cewa yana tura musu lambar asusun banki, kira shi da kati yanzu.

In ka tabbatar, sai me?

Ya danganta da abin da ke tsakaninku. In haƙƙi ne, kamar tela ya karɓi shadda da kuɗin ɗinki saura mako Sallah ya toshe ka, ko uwar adashi ta yi shiru ranar kwasarki, ko ka tura kuɗin kaya ba a kawo ba, to daina gwaje-gwaje ka tattara hujja. Bulokin ba ya goge tsohuwar hira a wayarka. Ɗauki hoton allon hirar inda lamba da kwanan wata suka fito, ka adana saƙonnin murya da rasit ɗin tiransifa, ka tura kwafi zuwa imel ɗinka ko wayar wani amintacce. Sannan ka taka da ƙafa zuwa shagon ko gidan, da mutum ɗaya mai natsuwa. In abin ya ƙi, akwai shugabannin kasuwa, akwai mai unguwa, kafin a kai ga 'yan sanda ko kotu.

In babba ne a gare ka, saƙo ɗaya ta tes ya isa, ba tare da ambaton bulokin ba: "Salamu alaikum Baba, ina ta ƙoƙarin samun ku a WhatsApp bai shiga ba, na ce ko lafiya. Allah ya ƙara girma." In sa'anka ne: "Malam, kwana biyu shiru, saƙona ba ya isa wurinka. In akwai laifi a yafe, in waya ce a sanar da ni." Ka ba shi hanyar da zai ce waya ce ta samu matsala, ko da kun san ba ita ba ce. Zumunci da yawa ta wannan 'yar ƙaryar ya tsira.

In kuwa wadda kake nema ce ta toshe ka, ko wadda kuka rabu, amsar ke nan. Sayen sabon layi don a ci gaba da turo saƙo, ko bi ta wayar ƙawayenta, naci ne da ke iya zama laifi. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, a sashe na 24, ta tanadi hukunci kan tsoratarwa da barazana ta saƙo. Mata da yawa taƙaitawa suke zaɓa maimakon bulokin don tsoron abin da namiji zai yi in ya gane, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mai bincike ya tambayi kansa dalilin da ya sa aka bi da shi ta nan.

A bar wa kuskure ma gurbinsa. In saƙo ya zo daga lambar da ba a ajiye ba, WhatsApp na nuna maɓallin toshewa ɓaro-ɓaro a cikin hirar, yatsa na iya faɗawa kai. Iyaye da kakanni kuma jikoki ke wasa da wayoyinsu. In kun haɗu ido da ido kuma ya rantse bai toshe ka ba, ku buɗe wayarsa tare: saiti, sashen sirri, jerin waɗanda aka toshe. A Messenger kuma cikin saitin sirri akwai jerin waɗanda aka taƙaita da na waɗanda aka toshe, kowanne daban. In lambarka na ciki, a taɓa ta a zaɓi cirewa, shi ke nan. Sai dai duk abin da ka tura a WhatsApp lokacin da kake toshe ba zai taɓa sauka ba ko bayan an buɗe ka, tik ɗayan nan haka zai zauna. In akwai magana mai muhimmanci a ciki, kamar ranar ɗaurin aure, ko lambar asusu, ko sanarwar rasuwa, sai ka sake turawa. A Messenger kuwa saƙonnin da ka aika kana taƙaice suna nan gaba ɗaya, za su dawo cikin jerin hirarsa har da waɗanda ka rubuta cikin fushi, don haka in akwai irinsu ka janye su tun kafin a cire ka.